Yatsan Da Aka Dangwala A Malkohi Da Fitilar Da Ke Kai Rahoto

Jawabin da aka yi wa taron 'yan Arewa mazauna Ikko, a Agege



Da farko ina neman gafarar manya, domin kuwa a wannan zaure akwai waɗanda suka sauka Ikko tun ba a haife ni ba, ga shi yau ni ne a tsaye su suna zaune. Ni dai aikina gyaran rubutun wasu ne da dare kafin a kai shi ɗab'i, ba ni da wani ilmi mai zurfi. Amma da shugabanni suka ce in zaɓi abin da ya shafi kowa in yi magana a kansa, sai na ga babu abin da ya haɗa ɗan Agege da ɗan Sabo na Badun da ɗan Fatakwal kamar tsarabar da muke aikawa gida. Wannan ya aika waya, wancan ya aika fitilar sola, wani akwatin talabijin. To, a kan wannan tsaraba zan yi magana, da abin da take ɗauka daga gidajenmu ta kai wa mutanen da ba mu taɓa gani ba.

Kowa a nan ya san yadda aka gina gidan Bahaushe da na Bafillace. Akwai zaure, inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama, idan ba a amsa ba ya juya. A wasu ƙofofin ma har rubutawa ake yi da gawayi ko fenti cewa ba a shiga. Kakanninmu ba su bar wannan al'amari ga sa'a ba, sai da suka gina shi da tubali. Abin mamaki, yau mu da kanmu muke ɗauko baƙo a cikin kwali ranar jajibirin Salla, mu wuce da shi zaure, mu wuce tsakar gida, mu ajiye shi a ɗakin tsohuwa, alhali kuwa baƙon nan yana da kunne, yana da baki, kuma ba da mu yake magana ba.

Bari in fara da Malkohi, domin can na fara fahimtar zancen. Ni haifaffen Jimeta ne. Malkohi kuwa ƙauye ne a bayan garin Yola, cikin ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, wanda a da ko mutanen Jimeta ba kowa ya san shi ba. A watan Agusta 2014 Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, a ƙarshen Oktoba kuma Mubi ta bi. Jama'a suka kwararo ta Hong da Gombi da Song, suka haye gadar Binuwai, garin Yola ya cika ya batse. Aka buɗe sansani a Malkohi ƙarƙashin Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, wasu kuma suka kafa bukkoki a cikin ƙauyen. A farkon watan Mayu 2015 nan aka kawo mata da yara 275 da soja suka kuɓutar daga dajin Sambisa. Ran 11 ga Satumba na wannan shekara bam ya tashi a cikin sansanin, mutum 7 suka rasu, 20 suka ji rauni. A watan Nuwamba Shugaba Muhammadu Buhari ya ziyarci wurin da kansa.

Na kawo wannan tarihi ne don kada wani ya ce ban san dalilin da ya sa ake ƙidaya mutane ana rubuta sunayensu ba. Inda bam ya tashi a tsakiyar tantuna, tilas a san wanda ya shiga da wanda ya fita. Inda buhun hatsi ɗari ya zo wa mutum dubu, tilas a hana mai wayo karɓa sau uku alhali marainiya ba ta sami ko mudu ba. Saboda haka ne hukumomin agaji suka koma ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska da na'ura. Hukumar Ƙaura ta Duniya, IOM, ta yi irin wannan rajista a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, Hukumar Abinci ta Duniya kuma tana da nata babban kundi mai suna SCOPE. Niyyar aikin ba ta da aibu, kuma ya toshe ɓaraka da yawa.

Amma akwai wata gwaggota da ta yi aure a ƙasar Gwoza, ta gudo da jikoki ta zauna a ƙauyen Malkohi. Wata rana na je gaishe ta, tana tankaɗe, sai ta ɗago babban yatsanta ta ce, "Kai ɗan boko, wannan yatsa na dangwala shi a kan gilashi ya fi sau uku, wajen mutane daban-daban. Yanzu yana ina?" Na yi dariya, na ce ai ga shi a hannunki, Gwaggo. Ta ce, "Ba wannan ba, wanda suka tafi da shi." Na rasa amsa. Har yau kuwa ban sami tambayar da ta fi wannan kaifi a kan al'amarin ba, ko a bakin lauyoyi.

Ku duba lamarin da kyau. Ana cewa an nemi yardarta. To, mace ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba, ga jikoki na kuka, ga layi, ga buhu a bayan tebur, an ce sai ta dangwala za a ba ta kati. Idan ta ce i, yunwa ce ta ce i, ba ita ba. Yardar da ba a iya ƙin ta ba yarda ba ce, sunanta kawai ta ara. Wannan kuwa ba zargi ba ne da na ƙirƙira a teburina, domin an ga inda ya kai a wata ƙasa. A watan Yuni 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara a Bangaladash sun isa hannun gwamnatin Myanmar, watau gwamnatin da suka guje wa, sunaye aƙalla 830,000. Hukumar ta ce ta nemi izininsu. Rahoton ya ce takardar da aka ba su, mai ɗauke da wurin da aka nuna sun yarda, da Turanci kawai aka rubuta ta. A watan Janairu 2022 kuma aka gano cewa ɓarayin intanet sun kutsa cikin rumbun Ƙungiyar Red Cross ta Duniya, inda ke ajiye da bayanan mutum sama da 515,000, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya raba da danginsu. Idan wannan ya sami masu hedkwata a Janiba, to, wa ya isa ya bugi ƙirji?

Ga macen da aka fito da ita daga Sambisa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar UNICEF da ƙungiyar International Alert sun ba da rahoto a 2016 kan yadda ake ƙyamar irin waɗannan mata da 'ya'yan da suka haifa a daji. Mun san sunan da ake kiransu da shi, ba sai na maimaita a gaban iyaye ba. Mace ta koma wani gari, ta rufa wa kanta asiri, ta yi aure, 'yarta ta shiga makaranta. Layi ɗaya a cikin wani kundi, mai haɗa sunanta da hotonta da inda aka samo ta, ya isa ya rushe wannan duka idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na'ura kuwa ba ta da ciki, abin da aka zuba mata yana nan har ranar da wani zai buɗe.

Yanzu bari in dawo kanmu, domin kada mu ɗauka wannan matsalar 'yan gudun hijira ce kaɗai. Da na ga gwaggon nan tawa tana kwana cikin duhu, sai na yanko mata fitilar sola irin ta biyan kaɗan-kaɗan, mai faranti a kan rufi da ƙwai uku da wurin cajin waya. Ni na cika takarda, ni na sa hannu, lambar wayata aka rubuta, ban kuwa karanta ko layi biyu ba, ni da nake cin abinci da karatu. Wani wata albashi ya yi jinkiri, kwanan biya ya wuce. Ina nan Ikko, da magariba, sai ga kira daga Malkohi wai fitila ta mutu, ba wanda ya taɓa ta. Kashegari wani ma'aikacin kamfanin ya kira ni, cikin ladabi kuwa, ya ce ya ga ana kunna fitilar har ƙarfe ɗayan dare kullum, ana kuma cajin wayoyi da yawa, ko sana'ar caji ake yi da ita? Jikina ya yi sanyi. Gaskiya ne, jikanta yana karɓar 'yan kuɗi yana yi wa maƙwabta caji, ita kuma ba ta iya barci da wuri tun abin da ta gani a Gwoza. Ni ɗan ɗan'uwanta ban san wannan ba, amma wani yaro a ofis mai sanyi ya sani.

Yadda abin yake shi ne, da yawa daga irin waɗannan na'urori suna da ɗan layin waya a cikinsu. Ta nan suke aika wa kamfani labarin ƙarfin batir, da awowin da aka yi ana aiki da su, da ranar da aka biya, ta nan kuma ake kashe su daga nesa. Kamfanin M-KOPA da aka kafa a Kenya a 2011 yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari, a Nijeriya kuma kamfanin Lumos ya haɗa kai da MTN suka fito da nasu. Ba na cewa tsarin mugu ne. Talakan da babu bankin da zai ba shi rancen sisin kwabo ya sami haske ta wannan hanya, kuma da wannan tarihin biya ne kamfani ke auna ko zai ba shi waya ko talabijin a gaba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya sa hannu daban, wadda ake ƙirga darenta daban. Ni na yarda, a madadin tsohuwar da ban tambaya ba. Mu 'yan ci-rani mun fi kowa aikata wannan, domin mu ne masu saye, su ne masu zama da kayan.

Haka wayar bashi take, wadda ke kulle kanta idan kwanan biya ya wuce. Haka akwatin talabijin na zamani. A watan Fabrairu 2017 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2, domin talabijin ɗinsa miliyan 11 suna rubuta abin da ake kallo daƙiƙa bayan daƙiƙa, ana sayar wa 'yan talla, masu gida ba su sani ba. A 2020 kuma wani kamfanin bincike, Upstream, ya gano muguwar manhaja a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a Habasha da Masar da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu, tun daga cikin kwali, tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba tana cinye musu kati. Kamfanin da ke ƙera wayar ya ce daga wani mai kawo masa kayan haɗi ta shigo. Kamaru fa, 'yan'uwa, ga wanda ya san Adamawa, bayan gida ce.

Sai masu ba da rance ta waya, waɗanda na tabbata rabin zauren nan sun taɓa samun saƙonsu. Mutum ya matsu, ya sauke manhaja, ta ce ya ba ta izinin ganin lambobin da ke wayarsa da hotunansa, ya danna. Ran da ya makara da biya, sai surukinsa da limamin unguwarsu da mai gidan da yake haya su sami saƙo cewa wane ɓarawo ne. Ni kaina na sami irin wannan a kan wani abokina mai mutunci, a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba, ya yi wata guda bai iya haɗa ido da mutane ba. A nan ma ku lura, ni ban ci bashi ba, ban danna kome ba, amma lambata da sunana suna hannunsu. A watan Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 a kan irin wannan aiki. A watan Maris 2022 hukumar kare masu saye ta Tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a nan Ikko, daga ƙarshen Mayu 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa leƙa lambobi da hotunan mutane. An sami sauƙi, amma masu aiko da manhaja ta bayan fage, ta hanyar saƙo, ba su daina ba.

Duk waɗannan igiyoyi kuwa a turke ɗaya aka ɗaure su, watau layin waya da lambar ɗan ƙasa. A watan Oktoba 2015 Hukumar Sadarwa ta ci MTN tarar Naira 200,000 a kan kowane layi cikin layuka miliyan 5.2 da ba a yi wa rajista daidai ba, daga baya aka sasanta a kan Naira biliyan 330. A watan Disamba 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a watan Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira. Dalilin tsaro aka bayar, ɗan Adamawa kuwa ba zai raina dalilin tsaro ba. Amma wanda ya tara dukiyar jama'a a rumbu ɗaya, wajibi ne ya yi masa ƙofar ƙarfe. A watan Yuni 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN a kan Naira 100, har ta ce ta sayi na Ministan Sadarwa Bosun Tijani don ta nuna gaskiyar zancen. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta wace kafa ruwan ya bi, ɗaki dai ya jiƙe. Idan na minista ya sayu a kan kuɗin da bai sayi ƙullin gyaɗa ba, ina ga na mai gadi a Apapa?

To, me doka ta ce? Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya da ta tangaraho. A 2019 NITDA ta fito da ƙa'idojin kare bayanai, sa'an nan a watan Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Na zauna na karanta ta, kuma akwai abubuwa a cikinta da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani kamar yadda ya san farashin kayansa. Ta ce yarda sai an bayar da ita da son rai, a kan abu takamaimai, bayan an fahimtar da mutum. Ta ce shiru ba yarda ba ne. Ta ce idan gardama ta tashi, kamfani ne zai kawo hujjar cewa ka yarda, ba kai za ka kawo hujjar cewa ba ka yarda ba. Kana da ikon janye yardarka, da ikon tambayar abin da aka ajiye a kanka da wanda aka ba, da neman a gyara ko a goge. Zanen yatsu da addini da ƙabila da lafiyar jiki an sa su cikin bayanai masu tsananin tsaro. Idan an yi kutse mai haɗari ga jama'a, kamfani na da awa 72 ya sanar da hukuma. Tarar manyan kamfanoni tana iya kai wa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Dokokin nan sun fara cizo. A watan Yuli 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, cikin dalilan har da tilasta wa 'yan Nijeriya karɓar sharuɗɗan da ba su da zaɓi a kansu, kotun sauraren ƙorafi kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilu 2025. A watan Agusta 2024 NDPC ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8. Sai dai in faɗa muku gaskiya, kada ku fita daga nan kuna cewa ba mai taɓa bayananku sai da izininku. Dokar ta yarda a yi aiki da su ba tare da an tambaye ka ba a wasu wurare, alal misali don cika yarjejeniyar da ka shiga, ko don ceton rai, ko inda wata doka ta wajabta. Ma'aikacin agaji na iya fakewa a nan, kuma da hujjarsa. Amma ko a nan ba a sauke masa nauyin ya gaya wa mutum abin da ya ɗauka da dalilinsa ba, ba a kuma ba shi damar ya ɗauka don rabon hatsi ya juya ya yi wani abu daban da shi ba.

Inda na fi ganin gibi shi ne harshe. An ce sai an fahimtar da mutum. Da wane baki? A Malkohi za ka ji Hausa da Fillanci da Kanuri da Margi da harsunan duwatsun Gwoza, takardun kuwa da Turancin lauyoyi ake rubuta su, shafi goma sha, da ƙananan baƙaƙe. Kamfanin da ya iya yin talla da Hausa a rediyo, ya iya aiko saƙon tunin bashi da Hausa, ba shi da uzurin kasa faɗin sharuɗɗansa da Hausa, da murya, cikin minti biyu, kafin a dangwala. Ranar karɓar kuɗi kowa ya iya yarenmu. A ganina wannan shi ne abin da ƙungiyoyinmu na nan Kudu ya kamata su rubuta wa hukumar NDPC a kansa, da sa hannun sarakunanmu, domin takardar da ta fito daga taro ba a jefa ta kwandon shara da sauri kamar ta mutum ɗaya.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Wanda zai yanko wa gida sola ko waya ta bashi, ya tsaya ya tambayi dillali abin da na'urar ke aikawa, da wanda ke gani, da abin da zai faru da bayanan ranar da aka gama biya, sa'an nan ya kira waɗanda za su zauna da ita ya gaya musu, ya ji ta bakinsu. Manhajar tocila ko ta lissafi da ta nemi ganin lambobin wayarka, ka hana ta, domin ba abin da ya haɗa haske da sunan surukarka. Babban abin da nake roƙon samarinmu, musamman 'yan acaba da masu dako, shi ne kada wanda ya ba ku dubu biyu ko uku ku ba shi lambar NIN ko ku tsaya ya ɗauki fuskarku don a buɗe layi ko asusun da ba naku ba. Ran da aka nemi kuɗin fansa da wannan layi, ƙofarka za a ƙwanƙwasa, mai dubu ukun kuwa ya daɗe da ɓacewa. Haka wayar da za ka sayar ko ka aika wa ƙane, a goge ta tas tukuna.

Ni dai na rubuta wa kamfanin fitilar nan takarda, na kafa hujja da dokar 2023, na nemi su gaya mini abin da suka tara a kan gidan gwaggona da waɗanda suka ba. Na kawo kwafinta, na kuma fassara ta da Hausa, na bar gurbin suna da na kamfani. Wanda ke so, ya same ni a bakin ƙofa bayan an yi addu'a, da biro a hannunsa, domin guda talatin kawai na samu na buga.